Tsakanin Sa Rai da Dangana

Bahaushe ba ya rasa gaisuwa. Mai aiki a yi masa sannu da aiki, mai zama a yi masa sannu da hutawa, wanda ya dawo daga tafiya a tambaye shi hanya da mutanen can. Mara lafiya a ce masa ya jiki, ya amsa da sauƙi ko da ciwon na cinsa. Mai jego a yi mata barka da arziki. Wanda gobara ta cinye wa rumfa a jajanta masa, a ce Allah ya mayar da alheri. Gidan mutuwa kuwa nan bakinmu ya fi wadata: ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ashe wane lokaci ya yi, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku dangana. Mai zuwa ya san abin da zai faɗa, mai karɓar gaisuwa ya san amsa, kowa ya tashi ya sauke nauyi.

Akwai gida ɗaya da mai sallama kan tsaya a ƙofarsa yana laluben abin faɗa: gidan da aka nemi mutum aka rasa, ba a gan shi ba, ba a kuma ga gawarsa ba. A makon farko magana ba ta wuya.

"Inna, ko an ji wani labari?"

"Har yanzu shiru, ɗan nan."

"Allah ya bayyana shi."

"Amin. Allah ya yi maka albarka."

A kai cigiya gidan rediyo, a sanar a masallatai bayan an idar da sallah, a yi saukar Alƙur'ani, a raba sadakar waina. Wata ya wuce, damina ta wuce, a yi ƙaramar Sallah a yi babba. Sai tambayar ta fara yi wa baki nauyi. In ka tambaya ka fama mata ciwo, in ka yi shiru kuma ka binne mata ɗa da ransa. Ba dama ka ce Allah ya jiƙansa, don wa ya gaya maka ya mutu? "Allah ya bayyana" ɗin ma, saboda yawan maimaici, mai faɗa yakan fara jin kunyarta. Yawancinmu sai mu gaishe ta da gajiya da sanyi da yara, mu tsallake waccan maganar. Ita kuwa tana nan inda muka bar ta, kowace asuba hannu a sama, abu guda take roƙo.

Irin waɗannan gidaje ba kaɗan ba ne. A watan Satumba na 2019 ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta bayyana cewa mutum kusan 22,000 aka kawo mata cigiyarsu a Najeriya, adadin da a lokacin ya zarce na kowace ƙasa a rajistarta, kuma fiye da rabinsu yara ne sa'ad da suka ɓata. Waɗanda aka rubuta ke nan, kuma ba kowane ɗan ƙauye ke isa wurin mai rubutu ba. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok. Guda 57 suka kuɓuta tun da farko, aka sako 21 a Oktoban 2016, aka sako 82 a Mayun 2017, wasu suka riƙa fitowa ɗai-ɗai, da yawansu da goyo. Ranar da aka cika shekara goma, fiye da 80 ba su dawo ba. A Kaduna, farkon Agustan 2019, wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, a gidansa da ke Barnawa, shekaru suka yi ta wucewa babu wanda ya fito ya ce ga inda yake. Kakanninmu ma sun san wannan jira ta wata fuskar: mutanensu sun kama hanyar Gabas da ƙafa za su Makka ta Chadi da Sudan, wasu suka dawo da furfura, wasu suka zauna can, wasu kuwa ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Mutuwa tana da lissafi, kuma lissafin nan rahama ne. Zaman makoki kwana uku, sadakar bakwai da ta arba'in a inda ake yi, takaba wata huɗu da kwana goma, sannan rabon gado. Kowane mataki yana tura mai rai gaba da taku ɗaya, har ya kai ga abin da muke kira dangana: ya yarda abin ya wuce, ya miƙa wa Mai shi, ya ɗauki fartanyarsa ya koma gona. Wanda ya dangana bai manta ba, ya dai daina jiran a buɗe ƙofa a shigo. Amma dangana tana bukatar tabbaci, kuma tabbacin nan shi aka hana uwar wanda ya ɓata. In ta dangana, gani take ita ta yanke wa ɗanta hukunci kafin Allah ya yanke. In ta ci gaba da sa rai, sa ran ne ke cin ta. An ce sa rai a ci shi ke kawo jin yunwa, to yaya wadda ta shekara goma da wannan yunwar? Kowace baƙuwar lamba da ta kira waya, kowane labarin an kuɓutar da wasu daga daji, kowane matafiyi da ya ce ya ga mai kama da shi a wata kasuwa, sai ya tayar mata da ranar farko sabuwa fil.

Malaman fiƙihu sun ga wannan ƙunci, ba su kuma kau da kai ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matar wanda ya ɓata tana kai ƙara wurin alƙali, a bincika, in bincike ya ƙare ba a samo shi ba a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi idda irin ta wadda mijinta ya rasu, ta sami damar yin aure. Hukuncin yana komawa ga Sayyidina Umar, kuma duk ɗalibin da ya yi Risala a zaure ya bi ta kansa. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da sa'o'insa ba sa wuce su a raye, abin da aka fi ƙiyastawa da shekara 70. Dokar shaida ta Najeriya ita ma ta ba kotu damar ɗaukar mutum a matsayin mamaci in an shekara bakwai waɗanda ya kamata su ji daga gare shi ba su ji ba. An yi wa mata iyaka, an yi wa dukiya iyaka, domin rayuwa ba za ta tsaya cak ba. Uwa ce kaɗai babu alƙalin da ya yanka mata wa'adi. Babu littafin da ya ce bayan shekara kaza ta daina zama uwarsa, kuma da an rubuta ma ba za ta karanta ba.

Duk wanda ya je irin wannan gida da ɗan iliminsa, Annabi Yaƙubu zai fara ambata, kuma daidai ne. Abin da ke damuna shi ne rabin ƙissar muke kai mata. Mukan ce ya yi haƙuri kyakkyawa, ƙarshe Allah ya mayar masa da Yusufu, sai mu tsaya nan, kamar tsakanin rijiya da fadar Masar kwana biyu ne. Alƙur'ani bai faɗi adadin shekarun ba. A littattafan tafsiri akwai masu cewa 18, akwai masu cewa 40, akwai masu cewa 80. Wanda ya bi lissafin Littafin Farawa da ke hannun Kiristoci zai sami shekara 22. Ko wanne aka ɗauka, yaro ya zama magidanci, uba ya tsufa. A cikin Suratu Yusuf kuma ba a ɓoye mana yadda tsohon ya yi waɗannan shekaru ba. Sau biyu ya ambaci haƙurin nan, lokacin da aka kawo masa riga da jinin ƙarya, da lokacin da aka dawo masa babu ƙanen Yusufu. Bayan na biyun ne ya juya wa 'ya'yansa baya, ya kira sunan Yusufu da baƙin ciki, idanunsa suka yi fari saboda damuwa. Annabi ne, ɗan annabi, jikan annabi. Ya yi kuka har ganinsa ya tafi, kuma Allah bai ƙirga masa wannan a cikin rashin haƙuri ba.

Waɗanda suka ƙirga masa su ne mutanen gidansa. 'Ya'yansa suka yi masa faɗan ya ƙi barin zancen Yusufu, suna tsoron zancen zai kwantar da shi ko ya kashe shi. Wannan faɗan na san shi, domin da Hausa ake yinsa a gidajenmu kullum. "Haba Hajiya, ki daina wannan kuka, ba kyau." "Ki bar wa Allah mana." "Sai kace ba Musulma ba." "Ki dubi sauran yaran." Masu faɗa ba mugaye ba ne, tausayi ne ya ishe su, wani lokacin kuma gajiya. Amsar da Yaƙubu ya bayar ita ce ta raba mana gardama: ya sanar da su ba wurinsu yake kai kukansa ba, wurin Allah yake kaiwa. Bai ce zai daina ba. Wurin da ake kai kukan shi ne abin lura. Mai kai ƙarar Allah wurin mutane daban, mai kai kukansa wurin Allah daban, kuma na biyun yana cikin ibada ko da muryarsa na rawa. Mu kuwa mun taƙaita haƙuri ya koma bushewar ido da rufe baki, har ya zama in mun ce wa mutum "sai haƙuri", sau da yawa abin da muke nufi shi ne ya isa haka, a canza magana.

Akwai wani abu da ya ƙara wa iyayenmu mata nauyi a nan. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, tana yi masa alkunya. "Yaron nan" take cewa, ko ta laƙaba masa wani suna, ko ta yi shiru a gane. In ɗan farin ne ya ɓata, sunan da Yaƙubu ya samu ya furta ya ji sanyi, ita kunya ta hana ta furtawa a gaban mutane. In 'yan gida suka daina ambatonsa don kada su tayar mata da hankali, sunan ya fita daga gidan ke nan gaba ɗaya. Ina ganin haƙƙinta ne a kan 'yan'uwansa da ƙannen ubansa da abokan wasansa su riƙa kiran sunan a gabanta, a cikin hira ta yau da kullum, yadda ake kiran sunan wanda ya yi tafiya.

Sai kalmomin da muke lallashi da su. Wani jinkirin alheri ne. Komai nisan dare gari zai waye. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. In da rai da rabo. Ban raina ko ɗaya ba, sun riƙe mutane da yawa a daren da ba abin riƙewa. Amma mu lura da "wani" ɗin da ke farkon ta farko, domin mukan haɗiye shi. Magabata ba su ce kowane jinkiri yana ƙarewa da abin da ake jira ba. Mu ne muka mayar da karin magana takardar alkawari, muka sa hannu a madadin Allah: ki yi haƙuri, zai dawo, tabbas zai dawo. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara ta jihar Katsina, ranar 17 ga watan aka sako su. A Dapchi ta jihar Yobe an ɗauki 'yan mata 110 a Fabrairun 2018, bayan wata guda aka dawo da mafi yawansu, wasu sun rasu a hannu, aka riƙe ɗaya. A Chibok, sa'ad da aka fitar da sunayen 82 ɗin nan, iyaye sun bi jerin suna dubawa, wasu suka fashe da kukan murna, maƙwabtansu suka kai ƙarshen takarda ba su ga nasu ba. Wasu iyayen sun rasu suna jira. Shin iyayen Ƙanƙara sun fi iya roƙo ne? Wadda 'yarta ta fito a jerin ta fi wadda tata ba ta fito ba tsoron Allah? Babu mai hankalin da zai ce haka a fili, amma duk wanda ya yi wa mai jira alkawarin cewa haƙuri dole ya haifi dawowa, abin da ya faɗa ke nan a fakaice, kuma ita ta ji.

Alkawarin da aka yi mana ya fi wannan faɗi, ya kuma fi shi wuyar haɗiya. Hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri ya nuna addu'ar da ba ta saɓo ba ce ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma karɓarta iri uku ce: ko a ba mutum abin da ya roƙa, ko a ajiye masa sai Lahira, ko a kare shi daga wani sharri gwargwadonta. Biyu daga cikin ukun ido ba ya ganinsu. Ibnu Aɗa'illahi na Iskandariyya, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, ya tsaya a kan wannan tun a farkon Hikam ɗinsa, inda ya ja kunnen mai naci da roƙo kada jinkiri ya sa shi ɗebe tsammani, tunda zaɓin abin da za a bayar da lokacin bayarwa ba a hannun mai roƙo aka sa su ba. A zaure, da shayi a gaba, wannan magana tana da daɗin ji. A bakin uwar da ta roƙi abu ɗaya tak, wanda ba dukiya ba ne ba mulki ba, ɗanta ne da ta haifa, maganar tana da nauyin da bai kamata mai ƙoshi ya faɗe ta da sauri ba.

Kuma akwai addu'ar da aka ce a'a. Annabi Nuhu ya roƙa wa ɗansa, ba a ba shi ba. Muslim ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa abu uku: kada a hallaka ta da fari, kada a hallaka ta da ambaliya, kada kuma 'ya'yanta su juya wa juna makami. Aka ba shi biyu, aka hana shi na ukun, kuma da bakinsa ya ba sahabbai labari, bai ɓoye ba. Nakan daɗe a kan wannan hadisi, domin a cikin abu na ukun nan muke zaune, shi ne ya cika rajistar Red Cross da sunaye. Shi kansa mai roƙon ya rasa shida daga cikin 'ya'yansa bakwai yana raye, ya kuma zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. In fiyayyen halitta ya ɗaga hannu an hana shi wani abu, to hanawa ba shaidar fushi ba ce, kuma babu wanda ke da hurumin zuwa ya ce wa tsohuwa ta binciki kanta, wataƙila wani zunubi ne ya tare mata addu'a. Gaskiya ne cin haram yana hana karɓar roƙo, an faɗa mana. Amma wannan madubi ne da kowa zai duba fuskarsa, ba a ba mu shi don mu haska idon mai makoki ba.

Inda aka yi wa Allah alkawarin da bai yi ba, nan 'yan kasuwar wa'adi ke kafa rumfa. Mai bugun ƙasa ya ce yana raye, yana yamma, nan da kwana bakwai. Wani ya ce a kawo baƙin bunsuru da turare. Wani ya bugo waya ya ce yana da hanya wurin waɗanda ke riƙe da shi, a turo kuɗin mota. A sayar da akuya, a sayar da gona, a jinginar da gida. Ba na zargin uwar da ta biya, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Abin da suke sayar mata shi ne abin da Allah ya ɓoye wa annabinsa Yaƙubu shekara da shekaru, wato rana. Da sanin ranar sharaɗi ne na dogara ga Allah, da shi aka fara gaya wa.

A Chibok yawancin iyayen Kiristoci ne, da yawansu 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, kuma a coci-cocin wannan yanki da Hausa ake yawan addu'a da waƙa. Haƙuri suke cewa, Allah ya bayyana suke cewa, amin suke amsawa, kamar maƙwabtansu Musulmi da aka kwashe nasu 'ya'yan a dare guda. A littafinsu, Zabura ta 13 ta buɗe da tambaya huɗu a jere, duka a kan tsawon lokacin da mai roƙo zai ci gaba da jin an manta da shi, sannan ta ƙare da dogara, ba tare da an ce matsalar ta wuce ba. A Suratul Baƙara ma an ba mu labarin mutanen da wahala ta girgiza har manzonsu da muminan da ke tare da shi suka tambayi yaushe taimakon Allah zai zo. Ba a kira su marasa imani ba, da muminai aka ambace su a cikin ayar da ta ɗauko tambayar tasu. Mai tambayar yaushe ya yarda akwai mai zuwa, ya yarda akwai mai ji. Hadisin Bukhari da Muslim da ya yi gargaɗi a kan gaggawa, wanda ya ce ya roƙa ba a amsa ba ya ajiye roƙon yake nufi. Tsohuwar da ta shekara goma tana tambayar yaushe a kan sallaya ba ta cikin wannan, ita ce ma ta fi kowa nisa da shi.

Na lura da yadda roƙon irin waɗannan iyaye yake sauyawa da shekaru, ba tare da wani ya koya musu ba. Da farko, Allah ka dawo mini da shi yau. Daga baya, Allah ka tsare shi a duk inda yake, ka ba shi abin da zai ci, ka haɗa shi da mai tausayi. Can gaba sai ka ji an ƙara wani reshe da murya ƙasa-ƙasa: in yana raye ka bayyana shi, in ka karɓi abinka ka jiƙansa, ka sanar da mu. Wasu kan ɗauka wannan karaya ce. Ni a wurina nan tawakkali ya nuna. Ta bar wa Allah ƙofofin duka biyu, ba ta rufe ko ɗaya da hannunta ba, kuma ba ta fasa zuwa ba. Tun tana roƙo don ta ga ɗanta, har ta kai tana roƙo domin a duk duniya babu wanda ya san inda yaron yake a wannan daren sai wanda take magana da shi. In ta ce "na bar wa Allah", ba ta nufin ta cire hannu. Ajiya ta bayar a wurin da ajiya ba ta ɓata, kuma gobe da asuba za ta koma ta tambayi ajiyarta.

Wannan kalma ta barin wa Allah tana da kyau a bakin wanda aka zalunta. A bakin wanda aka ɗora wa alhakin tsaro da bincike kuwa, in ya tsaya a kanta, gudun nauyi ce. Mun sha jin masu mulki sun je jaje sun ce a ci gaba da addu'a, kuma addu'ar ana yi, tun kafin su zo ake yi. Abin da ba a iya yi daga kan sallaya shi ne buɗe rajistar waɗanda ke tsare, da tantance gawarwakin da aka binne ba suna, da bin sawun waɗanda suka ɗauke mutum a ƙofar gidansa. Yaƙubu, a daidai lokacin da ya hana 'ya'yansa ɗebe ƙauna daga rahamar Allah, a lokacin ne ya tashe su ya ce su koma Masar su nemo labarin Yusufu da ɗan'uwansa. Ido ba ya gani, ƙafa ba ta iya tafiyar, amma ya aika.

Matan da rikici ya koro daga yankin Bama zuwa sansanonin gudun hijira sun yi irin wannan aiken da ƙafarsu. An raba su da mazajensu da samarin 'ya'yansu a wurin tantancewa, aka tsare mazan bisa zargin alaƙa da Boko Haram, shekaru suka shuɗe ba shari'a ba labari. Ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoto a 2015 cewa mutum fiye da 7,000 sun mutu a tsare a hannun sojoji tun daga 2011, don haka matan sun san abin da suke tsoro. Ba su da boko, ba su da kowa a sama, abincin yini ma sai an ba su. Suka haɗa kansu a ƙarƙashin sunan Knifar, da taimakon Hajiya Hamsatu Allamin ta Maiduguri, suka tattara sunayen mutanensu ɗaya bayan ɗaya, suka kai wa hukumomi, suka yi magana da 'yan jarida, suka maimaita a duk inda aka ba su dama. Ban ga inda wannan ya rage musu tawakkali ba, da azuminsu da sallar darensu suka yi shi. A 2021 sojoji suka saki ɗaruruwan mutanen da aka tabbatar ba su da laifi, a cikinsu har da mazajen wasu daga cikin matan, bayan shekara biyar zuwa shida a tsare. Wasu sun tarar da 'ya'yan da suka bari a goye sun isa shiga makaranta, wasu sun tarar an binne iyayensu. Matan da nasu ba su fito ba suka yi wa 'yan'uwansu barka, suka ci gaba da nema.